Biyan likitan haƙori da asusun HSA ko FSA a Amurka: wanne ya dace da iyalina?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston da maigidana da yara uku, ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi. Likitan haƙori ya ce turmina ɗaya sai an kashe jijiyarsa an sa masa hula, kuɗin aikin dala 2,600. Babbar 'yata mai shekara 13 kuma tana buƙatar wayar daidaita haƙora ta dala 5,500. Inshorar haƙorinmu ba ta biyan abin da ya wuce dala 1,500 a shekara a kan mutum ɗaya. A wurin aiki an raba mana takardun zaɓen inshorar baɗi, na ga HSA da FSA, an ce ana biyan likitan haƙori da su ba tare da haraji ba. Wanne zan ɗauka? Kuma zan iya yi wa mahaifiyata haƙoran roba a Kano da wannan kuɗin, ko in bari sai na je gida a yi mini nawa aikin a can?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana yaran. Idan na fahimce ki daidai, abu uku kike son sani: wane asusu ne zai fi rage miki nauyin ayyuka biyun da ke gabanki, yadda za ki tsara su da inshorar da kike da ita don kada kuɗi ya salwanta, da kuma ko kuɗin asusun zai yi aiki a Kano. Sana'ata lissafin kuɗi ce da bin kadin inshora a wani asibitin haƙori a nan Amurka, saboda haka bayanina daga teburin biyan kuɗi ya fito. Maganar abin da haƙorinki zai iya jira da abin da ba zai iya jira ba kuwa, ta likitanki ce shi kaɗai.

Abin da asusun yake rage miki

Babu ɗaya daga cikin asusun nan biyu da yake sauke farashin aiki a asibiti, kuma babu wanda yake inshora. Kuɗin albashinki ne, sai dai ana ware shi tun kafin a lissafa haraji, don haka hukumar haraji ta IRS ba ta taɓa shi muddin a kan lafiya kika kashe shi. Idan ta cikin albashi ake cirewa, kin tsira daga harajin tarayya, kin kuma tsira daga harajin Social Security da Medicare, wato na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, wanda yake kashi 7.65 cikin ɗari. Iyalin da ke matakin haraji na kashi 12 cikin ɗari, idan suka biya aikin dala 3,000 ta wannan hanya, kusan dala 590 ce ta rage musu a aljihu. Idan a matakin kashi 22 suke, abin ya kusa dala 890. Jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi, to ke ribarki a nan ta tsaya, amma mazauna New York ko Illinois suna samun ƙarin sauƙi daga harajin jiha. Mutanen California da New Jersey kuma su sani cewa jihohinsu suna karɓar haraji a kan kuɗin da aka zuba a HSA.

Asusun FSA na wurin aiki ne. A lokacin zaɓen inshora na ƙarshen shekara kike faɗin adadin da za a cire miki a shekara mai zuwa, a raba shi a kan albashinki, kuma ba a sauya adadin a tsakiyar shekara sai da babban dalili irin haihuwa, aure ko mutuwar aure. Iyakar abin da ma'aikaci zai zuba a 2025 dala 3,300 ce, a 2026 kuma dala 3,400. Babban alherinsa shi ne duk kuɗin da kika zaɓa yana hannunki tun ranar farko ta shekarar tsarin, ko da ba a cire miki ko dala ɗari ba tukuna. Kamar mai ɗaukar farko ne a adashi: kin karɓi kuɗin a dunƙule a watan Janairu, kina zubi har Disamba, kuma babu kuɗin ruwa a kai. Ina jaddada wannan ga 'yan'uwanmu da ke gudun katunan bashin asibiti saboda ruwan da ke cikinsu, domin da yawansu ba su san suna da wannan mafita a takardun wurin aikinsu ba. Aibinsa kuma shi ne abin da ba ki kashe ba a cikin shekarar ya tafi. Doka ta yarda wurin aiki ya sassauta ta ɗaya daga hanya biyu: ko ya bar ki ki tsallaka da wani kaso zuwa sabuwar shekara, wanda iyakarsa dala 660 ce daga 2025 da dala 680 daga 2026, ko ya ƙara miki wata biyu da rabi, wato zuwa 15 ga Maris idan shekarar tsarin a Disamba take ƙarewa. Ba a haɗa biyun, kuma akwai wuraren aikin da ba sa ba da ko ɗaya.

Asusun HSA kuwa mallakinki ne. Dokar da ta kafa shi ta 2003 ce, ya fara aiki a 2004. Kuɗinsa ba ya lalacewa da ƙarewar shekara, yana bin ki idan kin sauya aiki, kuma ana iya juya shi a hannun jari ribar ta taru ba haraji. Iyakar zubi a 2026 dala 4,400 ce ga mutum ɗaya, dala 8,750 ga iyali, da ƙarin dala 1,000 ga wanda ya kai shekara 55. Amma yana da sharaɗi mai nauyi: sai inshorar lafiyarki ta kasance irin wadda ake kira HDHP, wato wadda ke za ki fara biyan kaso mai tsoka daga aljihunki kafin ita ta sa hannu. A 2026 wannan kason ba ya gaza dala 1,700 ga mutum ɗaya, dala 3,400 ga iyali. Sannan abin da ya riga ya shiga asusun kaɗai za ki iya kashewa, babu ɗaukar farko.

Wanda nake ganin ya dace da ke

A nan ne nake ganin mutane suna yin zaɓi a baibai. Suna jin an yabi HSA, sai su bar inshorar lafiyar da ta dace da iyalinsu su koma HDHP don kawai su samu asusun. Gida mai yara uku, idan akwai mai asma ko sikila, ko ana tsammanin haihuwa, abin da za a biya a asibiti kafin inshora ta motsa zai iya cinye ribar harajin har ya wuce. Ki fara zaɓar inshorar lafiya bisa halin iyalinki, sannan ki duba asusun da ya zo da ita.

Idan inshorar da ta dace da ku ba HDHP ba ce, magana ta ƙare, FSA ne naki, kuma ya dace da halin da kike ciki ƙwarai, domin haɗarin FSA yana kan wanda yake ƙiyasi ne, ke kuwa kina da farashi a rubuce. Idan kuma HDHP ce ta dace da ku, ki tambayi ofishin kula da ma'aikata ko suna da FSA mai iyaka, wanda haƙori da ido kaɗai yake biya. Shi doka ta yarda a haɗa shi da HSA. Sai ki biya aikin haƙori da shi, ki bar HSA yana taruwa don wata rana. Wannan haɗin shi ne mafi kyau ga wanda albashinsa zai iya ɗaukar cirewa biyu.

Akwai tarkon da ya kamata ku zauna da maigida ku duba. Idan shi ya ɗauki FSA na gama-gari a wurin aikinsa, ke ba ki da damar zuba kuɗi a HSA, saboda nasa asusun yana iya biyan kuɗin lafiyarki, doka kuma tana ɗaukar hakan a matsayin wata inshorar ta daban. Amma idan dukkanku FSA kuka ɗauka, kowa yana da cikakkiyar iyakarsa a nasa wurin aikin, wato a 2026 gidanku zai iya ware har dala 6,800. Inshorar haƙori ita kanta ba ta hana mutum HSA, sai dai a ƙa'ida ba a biyan kuɗinta na wata-wata daga HSA ko FSA. Idan maigidan mai aikin kansa ne, kamar masu tuƙa tasi, ba shi da FSA ta wannan sana'ar, amma yana iya buɗe HSA idan inshorarsa ta cika sharaɗi, muddin ke ma ba ki ɗauki FSA na gama-gari ba.

Abin da ake biya da abin da ba a biya

Ma'aunin IRS shi ne ko aikin na rigakafi ne ko na magance cuta ko gyara abin da ya lalace. Dubawa, hoton haƙori, wankin haƙori, ciko, cirewa, kashe jijiya, hula, dashen haƙori, haƙoran roba, maganin ciwon dasashi da wayar daidaita haƙora, duk sun shiga. Robar da ake sawa da dare ga mai cizon haƙora a barci ita ma ta shiga. Abin da bai shiga ba shi ne na ado zalla. Hasken haƙori, wato sa shi ya yi fari, hukumar ta ambace shi da sunansa cewa ba ya ciki. Buroshi da man goge baki na yau da kullum su ma ba sa ciki. Haƙorin Makka da aka sa a kan lafiyayyen haƙori don kwalliya bai shiga ba, amma hular zinariya da likita ya sa don ceton turmin da ya rube ta shiga, domin dalilin aikin ake dubawa, ba ƙarfen da aka yi shi da shi ba. Inda abin ya faɗa tsakiya, kamar rufin da ake manna wa haƙoran gaba, ki nemi likita ya rubuta takardar da ke bayyana larurar, ki ajiye ta tare da rasit.

Tsara aikin da kalanda

Wannan ne wurin da ake samun kuɗi ko a rasa shi, kuma shi ne na fi ɓata lokaci a kansa da marasa lafiya. Kafin a rufe zaɓen inshora, ki roƙi asibitin ya aika wa kamfanin inshorarki jerin aikin da za a yi don ya rubuto abin da zai biya. Amsar takan ɗauki makonni, don haka kada ki jinkirta. Da wannan takardar za ki san adadin da za ki zaɓa, maimakon ki yi kintace.

Yawancin inshorar haƙori tana biyan rigakafi gaba ɗaya, ta biya kusan kashi 80 na matsakaicin aiki, da rabin babban aiki irin hula, har ta kai iyakarta ta shekara. Mu ɗauka a misali cewa a cikin dala 2,600 ɗin nan, kashe jijiya 1,200 ne, hula 1,400. Kashi 80 na farkon dala 960 ne, rabin na biyun dala 700, jimla 1,660, wanda ya haura iyakarki ta 1,500. Idan kin riga kin ci wani abu daga iyakar bana, giɓin zai fi haka. Shi ya sa ake yawan kashe jijiyar a ƙarshen shekara, a sa hular a Janairu, aikin ya hau kan iyakar shekara biyu, hular kuma ta faɗa cikin sabon FSA da ya cika tun ranar farko. Sai dai ina roƙon ki kada ki yanke wannan shawarar ke kaɗai. Turmin da aka kashe wa jijiya ba a rufe shi ba yana iya tsagewa, idan ya tsage har saiwa sai cirewa, dashe kuma ya ninka hula tsada nesa ba kusa ba. Idan haƙorin yana ciwo ko ya kumbura, a yi aikin yanzu, a nemi hanyar biya daga baya. Ki kuma tambayi asibitin ranar da inshorarki take lissafa hula, domin wasu kamfanonin ranar da aka fere haƙorin suke ɗauka, wasu ranar da aka ɗora hular.

Ki riƙe wata ƙa'ida guda: FSA ranar da aka yi aikin yake dubawa, ba ranar da aka biya ba. Aikin da aka yi a Disamba ba a biyansa da FSA na sabuwar shekara ko da takardar kuɗin a Fabrairu ta iso. HSA shi ma yana da tasa: ba ya biyan aikin da aka yi kafin ranar buɗe asusun. Amma duk abin da aka yi bayan buɗewa, kina iya biya daga aljihu yau ki mayar wa kanki kuɗin bayan shekaru, muddin rasit yana hannunki. Saboda haka wanda ya cancanci HSA ya buɗe shi da wuri ko da kuɗi kaɗan ne, don ranar ta fara ƙirguwa.

Wayar 'yarki lissafinta daban ne. Inshorar da take biyan wannan aiki yawanci tana da iyaka ta daban wadda sau ɗaya ake cin ta a rayuwar yaro, ba ta sabuntuwa kowace shekara, kuma wasu tsare-tsaren ba sa biyansa sam. Idan taku ta ba da dala 1,500 a misali, saura 4,000 a kanku, wanda ya fi ƙarfin FSA na mutum ɗaya a shekara guda, balle ga naki aikin. Sauƙin da ke ciki shi ne aikin waya yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, asibitoci da dama kuma suna karɓar kuɗin somi sannan a raba sauran wata-wata, sau da yawa ba tare da ruwa ba. Hakan yana ba ki damar shimfiɗa biyan a kan FSA na shekara biyu, ko ku raba tsakanin naki da na maigida. Wasu masu kula da FSA suna yarda a biya kuɗin waya gaba ɗaya tun farko, wasu kuma sai wata-wata, to ki karanta takardar tsarin wurin aikinki, ita ce mai yanke hukunci a kan wannan. Daidaita haƙora a mafi yawan lokuta ba aikin gaggawa ba ne, don haka idan likitan yarinyar ya amince, jira zuwa Janairu ba zai cutar ba.

Takardu

Katin FSA yakan wuce a na'urar asibiti ba matsala, sai bayan makonni saƙo ya zo ana neman hujja. Ɗan guntun rasit na na'ura ba ya isa. Ana son takardar da ke ɗauke da sunan mara lafiya, sunan asibiti, ranar aiki, irin aikin da kuɗinsa, ko kuma takardar bayanin da inshora take aikowa bayan ta biya nata kason. Idan aka yi shiru ba a aika ba, ana iya dakatar da katin. A HSA babu mai tambayarki a lokacin, amma za ki cike fom 8889 tare da takardun harajinki, kuma idan IRS ta bincika, ke za ki kawo shaida. Kuɗin HSA da aka kashe a kan abin da bai cancanta ba ana biyan harajinsa, a ƙara tarar kashi 20 cikin ɗari ga wanda bai kai shekara 65 ba. Abin da nake yawan gani a teburina shi ne mutum ya biya da katin asusu bisa ƙiyasi, inshora ta zo ta biya fiye da yadda aka zata, asibiti ya mayar da rarar. Wannan rarar asusun za ta koma, ba aljihu ba, don haka ki ce a mayar da ita kan katin da aka cire ta.

Idan kina tunanin barin aikin nan a cikin shekarar, ki sani FSA yakan tsaya da ranar barin aiki, abin da ya rage kuma ya tafi sai in kin ci gaba da shi ta tsarin COBRA, wato dokar da ke ba wanda ya bar aiki damar ci gaba da tsarin lafiyar wurin aikin yana biya da kansa. Wannan ma dalili ne na yin manyan ayyukan a farkon shekara.

Maganar Kano

Naki aikin, doka ba ta hana a biya shi da HSA don an yi shi a wajen Amurka ba, muddin halastaccen magani ne a wurin likita, kuma yawancin tsare-tsaren FSA ma suna karɓa idan takardu sun cika. Katin ba lallai ya yi aiki a can ba, saboda haka ki biya da kuɗinki, ki karɓi cikakken rasit da Turanci mai bayyana aikin da ranarsa, ki rubuta canjin naira da dala na wannan ranar, ki nemi a mayar miki bayan kin dawo. Kuɗin jirgi kada ki sa shi a lissafi, domin tafiyar da ganin gida ne babban dalilinta ba ta zama tafiyar magani. Inshorar haƙorinki kuma mai yiwuwa ba za ta biya komai a can ba, sai ki kwatanta farashin Kano da abin da zai rage a kanki a Houston bayan inshora da sauƙin haraji, ba da dala 2,600 ɗin gaba ɗaya ba. Ki kuma lissafa cewa haƙorin da yake buƙatar kashe jijiya ba ya jiran hutun bazara, hula kuma tana iya neman gyara bayan an ɗora ta. Wayar yarinyar kuwa a inda take zaune za a yi ta, tunda duk bayan 'yan makonni ake komawa a ɗaure ta.

Na Hajiya kuma, amsar ita ce a'a, ko da ke kike ɗauke da dukkan nauyinta. Asusun nan suna biya wa mai asusu da abokin aurensa da waɗanda dokar haraji ta amince suna ƙarƙashinsa, kuma ɗaya daga sharuɗɗan shi ne mutumin ya kasance ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Uwar da ke zaune a Kano ba ta cika wannan sharaɗin ba, ziyarar 'yan watanni da bizar baƙunci ma yawanci ba ta sauya hukuncin. Na san wannan yana yi wa mutanenmu ciwo, domin a wurinmu babu wanda ya fi mahaifiya cancantar a kashe masa, amma idan kika yi hakan daga HSA haraji da tara za su biyo baya, a FSA kuma za a ƙi biya ko a ce ki mayar. Ki yi mata haƙoranta daga kuɗin da kike aikawa gida kamar yadda kika saba. Idan wata rana ta samu katin zama na dindindin ta dawo nan, kuma ke kike ɗaukar fiye da rabin ɗawainiyarta, to a lokacin ki kai takardunku wurin mai shirya haraji ya duba, domin hukuncin zai iya sauyawa. Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya, a gaishe da Hajiya.